Gwajin bakkale da maganin da aka ɗora ni a kai: yadda na ga aikinsu

Ga mai fama da zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa, musamman makiyayi ko mahauci, ina ba da shawarar a nemi asibitin da ya san ciwon bakkale (brucellosis), wanda mutum ke ɗauka daga dabbobi. Ni a wani asibitin kuɗi na samu a Jos, bayan na sha maganin maleriya da taifot har na gaji. Gumin dare kuwa sai an canja zanin gado.

Abin da ya fara burge ni, likitar ta tambayi sana'ata kafin ta taɓa biro. Da ta ji ina karɓar haihuwar shanu da hannu, ina kuma shan madarar da ba a dafa ba, sai ta tura ni gwajin jini na Rose Bengal. A ranar sakamako ya fito, ya nuna bakkale ne, aka tabbatar da wani gwajin daga baya.

Na roƙi a shuka ƙwayar cutar, wato Brucella, a ɗakin gwaji, a gwada wane magani ne ke kashe ta, tunda magunguna da yawa sun ƙi ni. Ta ce mini, "Malam, Brucella tana jinkirin tsirowa, kuma tana kama ma'aikatan ɗakin gwaji ta numfashi, ba kowane wuri ke da kayan tsaron ba." Ta ƙara da cewa galibi ƙwayar tana jin magani. Matsalar ita ce tana ɓuya cikin ƙwayoyin jikin mutum, shi ya sa ake haɗa magani biyu na mako 6, kuma yawancin waɗanda ciwon ya dawo musu yankewa suka yi a hanya. Bayanin ya gamsar da ni ƙwarai.

An ɗora ni a kan doxycycline miligiram 100 safe da yamma, da rifampicin sau ɗaya kafin karin kumallo. Rifampicin ya mayar mini da fitsari ja kamar manja, amma an riga an gaya mini, ban firgita ba. Doxycycline ne ya wahalar da cikina, ga shi an hana ni haɗa shi da nono.

Inda suka gaza: ba su da rifampicin a ɗakin maganinsu. Da shi ake maganin tarin fuka, ana kaffa-kaffa da shi kada ƙwayar tarin ta saba, sai da na zaga gari da takarda kafin na samu. Kuɗin gwajin ma ya yi wa talaka nauyi.

Zazzaɓin ya sauka tun ban yi nisa ba, ciwon ƙugu ne ya daɗe. Yanzu iyalina zan kai a gwada su, don ƙwarya ɗaya muke sha.