Mai madubi ko marar madubi: abin da na gani a aikin hoto a Damagaram

Na daɗe ina aiki da DSLR, wato kyamara mai madubi a ciki, kafin in ƙara da kyamara marar madubi, kuma yanzu da su biyun nake neman abinci: biki, suna, ɗaurin aure, hawan sallah. Yaran da ke koyon aiki a wurina suna yawan tambaya, "Maigida, wacce zan saya?" Amsar da masu sharhi na ƙasashen waje ke bayarwa ba ta cika dacewa da mu ba, domin su ba sa fama da ƙura da ɗaukewar wuta kamar yadda muke yi a Zinder.

Bambancin a ciki yake. DSLR tana da madubi a karkace bayan gilashin gaba, shi ke tura haske zuwa ƴar tagar da kake sa ido. Da ka danna sai ya ɗaga, haske ya sauka kan sensa, wato farantin da ke kama hoton, madubin ya koma mazauninsa. A marar madubi haske na sauka kan sensa kai tsaye, abin da kake gani a tagar kuwa ƙaramin allo ne da ke nuna hoton yadda zai fito.

Wannan allon shi ya saye zuciyata. Duk mai hoto a nan ya san wahalar ɗaurin aure da hantsi: ango cikin farar shadda mai ƙyalli, rana ta take, fuska kuma baƙa a ƙarƙashin hula. Ka bi riga, fuska ta nutse. Ka bi fuska, aikin zaren da ke ƙirjin rigar ya wanke fes, ba a ganin komai. Da DSLR sai na ɗauka, in kare allon baya da tafin hannu in duba, in gyara, in sake, alhali mutane sun fara watsewa. Da marar madubi ina murza maɓalli ina kallon fuskar tana buɗewa tun ban danna ba. Haka a ɗakin amarya, inda ƙwan lantarki ɗaya ne tak: kyamarar tana gano ido da kanta ta riƙe shi ko amarya ta sunkuyar da kai ta ɗago. Ga rashin nauyi, wanda wuyan mutum ke godewa bayan yini guda.

Sai dai batir. Tunda allo da sensa a kunne suke koyaushe, cin wutar marar madubi ba kaɗan ba ne. A ma'aunin da kamfanonin ke bugawa, Nikon D750, mai madubi, na ɗaukar hoto 1230 da caji ɗaya, Z6 marar madubi kuwa 310. Canon 6D Mark II mai madubi na kai 1200, EOS RP marar madubi 250. A aikace akan wuce waɗannan alƙaluma, sababbin fitowa kuma sun gyaru, amma tazarar tana nan. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da wuta ke yawan tafiya, ba na fita da marar madubi sai da batura a aljihu.

Ƙura ta fi damuna. In ka cire gilashin DSLR, madubi da labule, wato murfin da ke buɗewa ya rufe in ka danna, na tsare sensa. A yawancin marasa madubi kuwa sensar tana nan a fili, ba abin da ya shiga tsakaninta da iskar hunturu. Wasu ne kawai ke rufe labule in an kashe su. Ranar hawa a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, cikin Birni, dawakai na zaburowa ƙura ta turnuƙe har ka ji ta a haƙora. Canja gilashi a irin wannan wuri na nufin ɗigo-ɗigo baƙaƙe a sararin sama cikin kowane hoto, sai ka kwana kana gogewa a kwamfuta. Shi ya sa ranar hawa DSLR nake ratayawa. Kuma ta tagarta doki nake gani da idona, ba hotonsa da ke ɗan makara ba kamar a ƙananan marasa madubi. Ɗaukar shiru, wato ɗaukar hoto ba ƙarar labule, da ake yabon marar madubi da ita ma tana da nata: tana iya karkatar da abin da ke gudu, kuma ƙarƙashin wasu fitilu takan bar layi-layi.

Kasuwa dai ta riga ta juya. Panasonic ta fara fitar da marar madubi a 2008, Sony ta kawo A7 a 2013, Canon da Nikon suka shigo da manyan marasa madubinsu a 2018, kuma can suka mai da ƙarfinsu. A gare mu wannan alheri ne, domin DSLR na hannu da gilasansu sun yi sauƙi, musamman masu zuwa ta Kano. Gilashin da ka saya yau kuma ba asara ba ne, da adafta, wato zoben haɗi, zai hau marar madubi ta kamfaninsu gobe.

Ga yaron da jarinsa bai taka kara ya karya ba, ina cewa ya ɗauki DSLR ta hannu mai lafiya, sauran kuɗin ya sa a gilashi mai 50mm f/1.8, wanda ke buɗewa sosai ya shigar da haske, da fitilar ɗaukar hoto. Wanda aikinsa ya fi yawa a ɗakuna da taron dare, kuma yana da halin ƙarin batura, marar madubi za ta biya shi. Ko wacce ce, kafin ka miƙa kuɗi ka nemi sanin yawan hotunan da labulenta ya ɗauka, sannan ka ɗauki farin bango a f/16, wato ka tsuke ƙofar gilashin, ka buɗe hoton da girma, duk dattin da ke kan sensa zai fito.