Ofishin tikiti a Wuse da ya yi min lissafin tafiya Gwanzu

Ina sayar da fitilun sola a kasuwar Wuse, kuma wannan ne karo na farko da na je sari birnin Gwanzu na ƙasar Sin da kaina. Na yanki tikiti a wani ƙaramin ofishi da ke hawa na biyu a Zone 4, kuma abin da ya sa nake yaba musu shi ne matar da ke kan kwamfuta ta zaunar da ni ta warware min lokacin tafiyar kafin ta karɓi kuɗina.

Da na duba takardar, sai na ga tashi daga Abuja wajen ƙarfe ɗaya na rana, sauka Gwanzu wajen huɗu na yammar washegari. Na ƙirga awa 27, gabana ya faɗi. Ta ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka, agogon Sin ya riga namu da awa bakwai." Ta ɗauko biro ta rubuta min: babu jirgin da ke tafiya kai tsaye, tsakanin garuruwan biyu ya haura kilomita 11,000, don haka za mu yada zango a Addis Ababa. Abuja zuwa can kusan awa biyar, jira a filin Bole wajen awa huɗu, sannan sama da awa goma zuwa filin Baiyun. Duka dai wajen awa ashirin ne. Haka kuwa aka yi.

Ita ce ta ce in riƙe rigar sanyi a hannu, domin Addis a kan tudu take, sama da mita 2,000, da dare akwai sanyi. Ta kuma tuna min katin rigakafin shawara. Abin da ya fi yi min amfani shi ne maganar salla: tunda gabas ake nufa, dare gajere ne, alfijir zai riske mu da wuri. Na haɗa magariba da lisha a Bole, na yi asuba a kan kujera ba da daɗewa ba bayan an kwashe abinci.

Inda suka gaza: na roƙi kujerar bakin hanya saboda gwiwata, suka amsa, amma a dogon zangon sai na tsinci kaina a tsakiya. Awa goma a matse ba wasa ba ne ga mai ciwon gwiwa. Da na dawo na faɗa mata, ta ba da haƙuri ba tare da kame-kame ba.

Kuɗin aikinsu ya ɗan ɗara na wasu ofisoshin da na tambaya. Duk da haka, in Allah ya kai mu baje kolin Canton da ake yi a Gwanzu a watan Oktoba, wurinta zan koma, sai dai wannan karon ba zan tashi ba sai na ga lambar kujerata a rubuce.