Tsohuwar Mercedes E220 CDI: arha wajen saye, riƙon ne aiki

Ga masu tambaya ko ya dace a sayi E220 CDI samfurin W211, wadda aka yi daga 2002 zuwa 2009, gaskiya injinta jarumi ne. Silinda huɗu, sarƙar taimin gare shi ba bel ba, in dai kana juye baƙin mai a kan lokaci sai dai kai ka gaji. A doguwar tafiya kuwa dizal kaɗan take sha, ga laushin zama, ka yi awa biyar a kan titi ka sauko bayanka lafiya lau.

Amma fa kar arhar ta ruɗe ka, kuɗin motar ne ya faɗi, na sifiya yana nan inda yake. Waɗanda aka yi kafin gyaran fuskar 2006 suna da birkin lantarki SBC, famfonsa ƙirga taka birki yake yi, in ya cika adadinsa sai gargaɗi ya fito a dashbod kuma canza shi ba ƙaramin kuɗi ba ne, ni dai ta bayan 2006 zan ce a nema. Sannan ka sa makanike ya ɗaga murfin inji ya duba gindin injekta, in wosha ta fara yoyo za ka ga wani baƙin abu kamar kwalta ya daskare a wurin, har da warin hayaƙi cikin mota.

Mai shokan iska kuma a bar ta ta kwana tukuna, in da safe ta durƙusa a gefe ɗaya to ka san akwai kashe kuɗi a gaba. Wanda zirga-zirgarsa cikin gari ce kawai ya haƙura da ita, gajeruwar tafiya toshe EGR take yi, wato bawul ɗin da ke mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji.