Inda ya dace a kai yaro koyon rubuta manhajar kwamfuta: foliteknik, jami'a ko cibiyar unguwa?

Da zarar sakamakon JAMB ya fito, a gidaje da yawa tambayar ɗaya ce: yaro ya dage sai ya iya rubuta manhaja, to ina za a kai shi? Hanyoyin da ke gaban mai ƙaramin ƙarfi a Arewacin Najeriya ba su wuce huɗu ba. Akwai difloma ta ƙasa ta shekara 2 a foliteknik, wadda aka fi sani da ND, akwai digirin jami'a na shekara 4, akwai koyo ta intanet da shirye-shiryen gwamnati na kyauta, sai kuma cibiyoyin koyon kwamfuta masu zaman kansu da suka cika unguwanni. Ni dai ba zan ɓoye ba, ND ta cikakken lokaci a foliteknik ta gwamnati ita ce zaɓina, kuma a kanta zan fi tsayawa.

Shigarta ba wuya. An saba neman kiredit 5 a WAEC ko NECO ko NABTEB, cikinsu har da Turanci da lissafi da fiziks, sannan a zana JAMB, kuma makin da foliteknik ke karɓa yawanci bai kai na jami'a ba. Karatun zango 4 ne. A cikinsu ɗalibi zai taɓa tsara matakan warware matsala tun kafin ya hau kwamfuta, ya koyi yaren rubuta manhaja irin su Java, ya san rumbun adana bayanai da gina shafin intanet da haɗa kwamfutoci su yi magana da juna, har da kwance na'ura a gyara. Tsakanin shekarar farko da ta biyu akwai SIWES, wata 4 na sanin makamar aiki a wata ma'aikata, ƙarƙashin kulawar hukumar ITF da ke Jos. Wannan wata 4 ɗin kada a raina shi. Yaron da aka tura wurin da ake rubuta manhaja da gaske, ko da shara zai fara yi musu, zai dawo da idonsa a buɗe. Wanda aka kai ofishin kawunsa don kawai a sa masa hannu a littafi ya yi asarar mafi amfanin abin da ke cikin shirin.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne bayan shekara 2 yaro yana riƙe da takarda, kuma ƙofofi uku na buɗe. Yana iya yin shekara 1 ta aikin sanin makama ya dawo ya yi babbar difloma ta ƙasa, wato HND, ta shekara 2, wadda ke kai mutum bautar ƙasa. Yana iya sayen fom ɗin shiga jami'a kai tsaye ya fara daga aji biyu, idan ya fita da sakamako mai kyau, galibi Upper Credit, wato maki 3.00 zuwa sama cikin 4.00. Ko kuma ya kama neman na kansa. A gidan da uba ɗan fansho ne, ko ake jiran amfanin gona kafin a biya kuɗin rajista, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda hali ya tilasta wa barin jami'a a aji uku hannu rabbana yake komawa gida, amma mai ND yana da abin nunawa. Ga 'ya'ya mata ma haka, domin an san yadda maganar aure kan taso a tsakiyar karatu.

HND ɗin ma ta canza fasali. A farkon 2024 hukumar NBTE, mai kula da ilimin fasaha da ke da hedikwata a Kaduna, ta raba HND ta kimiyyar kwamfuta gida 4: ƙirƙirarriyar basira, gina manhaja da shafukan intanet, tsaron intanet da kare bayanai, da kuma haɗa kwamfutoci da ajiyar bayanai a intanet. Mai son rubuta manhaja tsantsa yanzu yana da layinsa.

Makarantun kuma ba sai an yi doguwar tafiya ba: Kaduna Polytechnic, foliteknik ta jihar Kano, Nuhu Bamalli a Zariya, Hassan Usman a Katsina, Hussaini Adamu a Kazaure, Waziri Umaru a Birnin Kebbi, Umaru Ali Shinkafi a Sakkwato, Ramat a Maiduguri, da na tarayya a Bauchi da Ƙaura Namoda. Yaro na iya zuwa daga gida ko daga gidan dangi. Asusun lamunin karatu na NELFUND, da ya fara aiki a 2024, ya haɗa da ɗaliban foliteknik na gwamnati.

Ba wai foliteknik ba ta da aibu ba. A wasu wuraren ɗalibai sun fi kwamfutoci yawa nesa ba kusa ba, wuta ba ta tsayawa, har jarrabawar rubuta manhaja a kan takarda ake yinta da biro. Malamanta su ma suna yajin aiki. Bambancin da ake nuna wa mai HND a aikin gwamnati kuma har yanzu bai kau ba. Shi ya sa nake cewa kafin a biya ko sisi, a je makarantar da ƙafa, a nemi ganin ɗakin kwamfuta, a ƙirga waɗanda ke kunnuwa, a duba ko akwai sola, sannan a ja ɗan aji biyu gefe a ce ya nuna abin da ya rubuta da hannunsa. Amsarsa ta fi duk abin da ke cikin takardar talla.

Jami'a tana da martabarta, kuma wanda ke hangen koyarwa ko bincike can ya dace da shi, amma shekara 4 ce idan an yi sa'a; yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022 kaɗai ya ci wata 8. Koyo ta intanet, irin freeCodeCamp da CS50 na jami'ar Harvard, da shirin koyar da fasahar zamani na 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, duk abin kirki ne kuma kyauta, sai dai suna son data da wuta da tarbiyyar kai da ɗan shekara 17 bai cika samu ba. A haɗa su da ND, kada a maye gurbinta da su. Cibiyar unguwa kuwa ta koyon buga takarda ce.

A nan ne nake son a buɗe kunne, domin nan ne kuɗin talakawa ke salwanta. Na farko, ba kowace difloma ba ce ND. Ɗan yayata ya shafe shekara 2 a wata cibiya da ta ce tana da alaƙa da wata babbar makaranta. Uwarsa ta sayar da tumakinta ta biya, aka yi bikin yaye ɗalibai da riga da hula, aka ɗauki hotuna. Ranar da ya je neman HND aka juya takardar gaba da baya aka miƙo masa abarsa. Har yau idan na tuna yadda ya shigo gida raina yana ɓaci. Takardar gaske tana ɗauke da National Diploma a rubuce ɓaro-ɓaro. Wasu makarantun gwamnati da jami'o'i ma suna da difloma tasu ta cikin gida, wadda ba ta kai mutum HND, don haka sunan makaranta kaɗai bai isa ba. A tambaya baki da baki: wannan ND ce ta NBTE?

Na biyu, amincewar NBTE kwas-kwas ake bayar da ita. Makaranta na iya samun izinin koyar da akanta ba ta da na kwamfuta, ko izinin ya ƙare ba a sabunta ba. Hukumar tana wallafa jerin kwasa-kwasan da ta amince da su, a duba sunan kwas ɗin a ƙarƙashin sunan makarantar.

Na uku, gurbin karatu sai ya bayyana a shafin CAPS na JAMB, inda ake ba da guraben karatu a hukumance, ɗalibi ya karɓa da kansa ya fitar da takardar JAMB. Duk wanda ya tare ku a bakin ƙofar makaranta ya ce yana da hanya a ciki, a ba shi wani abu sunan yaro ya fito a jeri na gaba, ku yi masa sallama. Irin wannan shigar ba a ganin illarta sai bayan shekara 5, lokacin da ake tura sunaye bautar ƙasa sunan yaro ya ƙi fita. Karatun yamma da na ƙarshen mako ma a yi tambaya a kansu tun farko, don wanda ya yi HND ta wannan hanyar ba a tura shi bautar ƙasa.

Masu zuwa da tayin digirin gaggawa daga Kwatano ta Jamhuriyar Benin kuwa, an ga ƙarshensu: bayan wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya samo digiri a can cikin mako 6, gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun jami'o'in ƙasashen Benin da Togo a Janairun 2024. Sai kuma sababbin 'yan damfara na Facebook da WhatsApp, masu cewa a wata 3 za su mayar da yaro injiniyan manhaja mai karɓar albashi da dala. Ku nemi su nuna ɗalibi ɗaya da suka yaye, da aikin da ya yi a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu. A cikin makarantar ma akwai masu sayar da aikin kammala karatu a shirye, a canza suna kawai a miƙa. Yaron da ya saya ya fita da takarda bai iya komai ba, kuma mai ɗaukar aiki a wannan fage kwamfuta yake ajiye wa mutum a gaba ya ce bismilla.

Duk hanyar da aka zaɓa, a sa kuɗin kwamfutar tafi-da-gidanka a lissafi tun kafin kuɗin rajista. Ba sai sabuwa ba. Ta hannu mai injin Core i5 da ƙwaƙwalwar aiki (RAM) 8GB da ma'ajiyar bayanai (SSD) 256GB ta isa ND gaba ɗaya. Idan a Kano ne za a saya, a titin Beirut ko Farm Centre, a tafi da wanda ya san kan na'ura, a kunna ta a shagon, a duba abin da ke cikinta ba abin da aka manna a jikinta ba, a cire caja a ga yadda batir ke riƙe wuta, sannan a karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'urar.