Wata Takwas a Ɗakin Horon Judo na Bayan Ƙofar Ƙaura

Sau uku aka kira ni makarantar ɗana na biyu a zango guda, kuma kowane kira a kan faɗa ne. Yaro ne ɗan shekara 14 mai zuciya a kusa, wanda kallon banza kaɗai kan isa ya sa ya cire takalmi. Duk uban da ke zaune a cikin birnin Katsina ya san inda irin wannan zafin kai yake kai matashi idan ya haɗu da abokan banza, domin matsalar ƙauraye, wato 'yan daba, ba labari ba ce a wurinmu. Da wani abokin aikina ya ba ni shawarar in sa shi a ajin judo, wato wani salon kokawa na Japan, dariya na yi, na ce ai kai mafaɗaci wurin koyon faɗa ƙara wa Borno dawaki ne. Bai yi musu da ni ba, ya dai ce in je in gani da idona.

Wurin tsohon sito ne mai rufin kwano a wani lungu da ke bayan Ƙofar Ƙaura, ba shi da allon sanarwa, sai jerin takalman yara a bakin ƙofa ne ke nuna maka ka iso. Ana horo ranakun Alhamis da Juma'a bayan La'asar, da kuma safiyar Asabar, kuma na yaba da wannan tsari saboda ranaku biyun farko ba a zuwa Islamiyya. Kuɗin wata bai kai abin da nake biya na lesin ɗin lissafi ba. Mai horarwar mutum ne gajere marar yawan magana, yaran suna ce masa Malam.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yaron ya shafe wata guda cur ba a koya masa kayar da kowa ba. Faɗuwa kawai yake koyo, ta baya da ta gefe da ta gaba tare da mirginawa, yana sunkuyar da haɓa zuwa ƙirji don kada ƙeya ta bugu, yana dukan shimfiɗa da hannu don ƙarfin faɗuwar ya bazu. Sunan wannan darasi ukemi a harshen Japan. A mako na uku ya same ni da dare ya ce, "Baba, ni fa na gaji, kullum sai dai a yi ta buga mu da ƙasa." Na kai kukansa wurin Malam, sai ya ce da ni, "Alhaji, wanda bai san zafin ƙasa ba, ba zan ba shi ɗan wani ya kayar ba." Wannan amsar ce ta sa na biya kuɗin wata na biyu.

Daga baya na fahimci cewa wannan tsari yana da asali. Wanda ya ƙirƙiro judo, Jigoro Kano (sunan ne kawai ya yi kama, ba shi da dangantaka da Kanon Dabo), malamin makaranta ne da aka haifa a Japan a 1860. Ya koyi tsohuwar dabarar faɗa ta jujutsu, sannan a 1882 ya buɗe makarantarsa mai suna Kodokan a harabar wani wurin ibada a Tokyo, a ɗaki mai tabarma 12 kacal. Ya ware dabarun da ke da hatsari sosai daga gwajin yau da kullum, domin mutum biyu su iya gwada iyakar ƙarfinsu su tashi lafiya, gobe su sake. Ya ɗora wasan a kan ƙa'idoji biyu, wato yin amfani da ƙarfi ta hanya mafi dacewa ba tare da ɓarna ba, da kuma cewa kai da abokin karawarka ku amfana tare. A 1909 ya zama mutumin Asiya na farko a kwamitin wasannin Olamfik na duniya, judo kuma ya shiga gasar a Tokyo a 1964, shekara 26 bayan rasuwarsa.

Ƙa'ida ta biyun ce nake gani a aikace duk ranar da na zauna a kan bencin iyaye. A judo ba a naushi, ba a shuri. Riga ake kamawa, a taɗe ƙafar mutum, a kayar da shi. Wanda ya kayar ba ya sakin hannun rigar abokinsa, yana riƙe da shi har ya sauka, don ya rage masa zafin faɗuwa. Idan aka danne yaro ya ji ya matsu, sai ya bubbuga shimfiɗa sau biyu, nan take a sake shi, kuma ba wanda zai yi masa dariya domin wanda ya danne shi ma ya bubbuga ɗazu a hannun wani. Idan Malam ya ce mate, wato a dakata, ko kana dab da kayarwa dole ka saki. Na lissafa wata rana, ɗana ya ji wannan kalma fiye da sau 20 cikin awa ɗaya da rabi, kuma kowane lokaci yana tsaka da zafin jini. Ban san wata makaranta da ke sa yaro ya maimaita danne fushi sau 20 a yini ba.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fanni. Kokawar gargajiya da ake yi bayan kaka tana da irin wannan ladabi, inda ake kaye a tashi a rungumi juna, kuma maƙwabtanmu na Nijar sun mayar da ita gasar ƙasa ta neman takobi tun 1975. Dambe ma yana da alƙalai da dokoki. Bambancin da na lura da shi shi ne, a dandalin dambe akwai kiɗa da kirari da 'yan kallo masu zuga, duk suna hura wa ɗan wasa wuta, a nan kuwa ɗakin shiru yake, ba ka jin komai sai numfashi da ƙarar faɗuwa. Ga yaro irin nawa, wanda zuga ce babbar cutarsa, shirun ya fi masa amfani.

Akwai abin da ya dame ni tun ranar farko, wato sunkuyon gaisuwa da aka san 'yan judo da shi, wanda ya yi kama da ruku'u. Na tarar Malam ya riga ya warware wannan, domin a ɗakinsa tsayuwa ake yi a nutse a ɗan rausaya kai, a yi musafaha kafin karawa da bayanta. Yakan kuma tunatar da yaran hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira, cewa ba gwanin kayar da mutane ne mai ƙarfi ba, mai ƙarfi shi ne wanda yake mallakar kansa lokacin fushi. Yaran sun san hadisin tun daga Islamiyya, amma jin sa daga bakin mutumin da zai iya kayar da su duka a jere ya sa ya shige su ta wata hanya dabam.

Kada mai karatu ya ɗauka judo zai yi maganin 'yan bindigar da suka addabi Jibiya da Batsari da Safana. Wannan aikin hukuma ne. Gaskiya ne hukumar judo ta duniya tana da shirin judo don zaman lafiya wanda ya kai har sansanonin 'yan gudun hijira irin su Meheba a Zambiya, kuma a gasar Olamfik ta 2016 'yan judo biyu 'yan asalin Kwango sun fafata a cikin tawagar 'yan gudun hijira. Amma wasan ba ya shiryar da kowa da kansa, ya danganta da hannun da ke koyarwa. A wata na biyar wani babban yaro ya yi amfani da dabarar da ya koya ya kayar da ɗan unguwarsu a kan kwalta. Malam ya karɓe ɗamararsa mai nuna matakin da ya kai a judo, ya dakatar da shi, ya ce ba zai dawo ba sai ya zo da mahaifinsa da yaron da ya kayar. Da a ce Malam ya kau da kai, da ranar na cire ɗana.

Wurin yana da nakasu da ba zan ɓoye ba. Shimfiɗun soso ne sun tsufa, wasu sun rabu a mahaɗa, kuma ɗan yatsan ƙafar ɗana ya taɓa maƙalewa a tsakani ya kumbura har kwana huɗu. Akwatin agajin gaggawa babu komai a ciki sai bandeji da man zafi. A watannin Maris da Afrilu kwanon yakan mai da ɗakin tanda, fanka biyu ne kacal, su ma sai an kawo wuta. Mai horarwa ɗaya ne ga yara kusan 30, saboda haka ƙanana sukan daɗe a zaune suna jira. Rigar judo mai kauri ba a samunta cikin sauƙi a kasuwar Katsina, sai da na yi saƙo Kano, domin wadda tela ya ɗinka mana ta yage a mako biyu. Babu ajin 'yan mata kuma, ƙanwar yaron nawa tana ta roƙo, Malam ya ce sai ya sami mace mai horarwa.

A cikin wata takwas ɗin nan sau ɗaya aka kira ni makaranta, shi ma a kan makara ne. Har yanzu yana da fushi, nakan ga jijiyar wuyansa ta tashi idan yayansa ya tsokane shi, sai dai yanzu yakan ja numfashi ya fita tsakar gida. An ɗaura masa ɗamara mai ruwan ɗorawa a watan jiya. Mu iyaye shida mun yi magana za mu haɗa kuɗi a sauya shimfiɗu huɗu na tsakiya kafin zafi ya dawo, kuma duk wanda zai kai ɗansa, ya haɗa shi da gorar ruwa babba, ya yanke masa farce.