Kemistiri a JAMB: Me Ya Kamata Ka Fara Saya Idan Kuɗin Kaɗan Ne?

Da zarar an buɗe rajistar JAMB, wato jarrabawar shiga manyan makarantu, masu sayarwa sai su yi wa ɗalibi caa: wannan da littafin tambayoyin baya, wancan da manhajar waya, ga mai lesin yana rantsuwa cewa ɗalibansa ba sa faɗuwa. Kafin ka zaro ko sisi, san abin da za ka tarar. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Turanci, sauran darussa uku 40 kowanne. Idan ka raba, daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Duk abin da za ka saya, da wannan ma'aunin za ka auna shi.

Silabos kyauta ne a shafin JAMB. Sauke shi tukuna, don da shi za ka gane littafin da ya cika da wanda ya yi tsallake.

A ganina, kuɗin farko na littafin tambayoyin baya ne, amma a nan aka fi cutar mutane. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai wanda aka jera shekara-shekara, amsoshi a ƙarshe: 1. B, 2. D, shi ke nan. Akwai kuma wanda aka kasa babi-babi, aka warware lissafin. Na biyun ya fi tsada, kuma shi nake ba da shawarar a saya. Tun kana tsaye a shagon ka gwada shi. Buɗe babin mol, nemi tambaya irin wannan: mene ne nauyin iskar CO₂ mai cika 5.6 dm³ a s.t.p. (wato daidaitaccen zafi da matsin iska)? Littafin kirki zai nuna maka an raba 5.6 da 22.4 (cikar mol ɗaya na iska) an samu mol 0.25, an ninka da 44 (nauyin mol ɗaya na CO₂), amsa giram 11. Wanda ya ce maka "C" kawai ya koya maka harafi ne, kuma ranar jarrabawa za a canza lambobin. Duba bugun ma da kyau. A bugun jabu ƙananan lambobin nan sukan dushe, SO₂ da SO₃ su zama abu ɗaya, ga amsoshin da aka kwafo da kuskurensu.

Babban littafin karatu kuwa, New School Chemistry na Osei Yaw Ababio shi ne wanda yawancin makarantun sakandare suka sani. Ba dole sai sabo ba. Na hannu, ko aro daga wanda ya gama, ya wadatar, tunda dokar Boyle ba ta canza ba. Kada dai ka ɗauke shi daga bangon farko ana saura wata biyu. Ba za ka kai babin sinadaran kabon ba, alhali tambayoyinsa na da yawa. Tambayar da ta kayar da kai ita za ta nuna maka shafin da za ka buɗe.

Manhajar waya ko ta kwamfuta amfaninta sauri ne. Tun 2015 jarrabawar gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, kuma kalkuletan ma a kan allon yake, don haka wanda bai saba ba zai ɓata lokaci yana lalube. Zaɓi wadda ke aiki ba data, mai agogo yana ƙirgawa, wadda kuma za ka iya gwadawa kafin ka biya. In da hali, ka zauna gaban kwamfuta ta gaske ko a shagon intanet ne, ko ka yi jarrabawar gwaji ta JAMB, domin latsa waya daban, riƙe linzami daban.

Lesin shi ne mafi tsada, kuma alherinsa ya rataya ne ga malamin. Roƙi a bar ka ka zauna darasi ɗaya. Idan ana lissafin Faraday ne, lura ko ya bayyana dalilin da ya sa jan ƙarfe ke buƙatar cajin lantarki coulomb 96,500 sau biyu ga kowane mol, ko kuwa ya rubuta ne kawai ya ce a haddace. Ajin da ya cika maƙil har ba ka iya ɗaga hannu, gara ku haɗu ku huɗu da littafi ɗaya mai warwara.

Masu cewa suna da tambayoyin bana a WhatsApp, turo kuɗi a turo maka, waɗannan ko amsa sallamarsu kada ka yi.