Tesseract Glow bayan wata uku ina amfani da shi

Tun da na fara fentin sojojin Necron na Warhammer 40,000, wasan yaƙi da ake yi kan tebur da 'yan ƙananan sojojin roba, ba abin da ya ba ni ciwon kai irin koren hasken nan na bindigoginsu. Tsofaffin sojojin da sandar roba koriya garai-garai suke zuwa, ka maƙala kawai ka wuce, amma sababbin da suka fito a 2020 cikin akwatin Indomitus babu wannan sandar, dole kai za ka zana hasken da hannunka. A shekarar ne kuma Games Workshop, kamfanin nan na Nottingham a Ingila, suka fito da koren fenti mai ƙyalli Tesseract Glow a layin fentinsu na Citadel Technical, 'yar kwalba mai mililita 18. Na daɗe ina ganin hotunan mutane bindiga na ci kamar an sa mata batir, ƙarshe dai na ce bari in saya in gani da idona.

Ranar farko shirme na yi, kuma laifina ne ba na kowa ba. Na buɗe kwalba ban girgiza sosai ba, na ɗebo na shafa kan bindigar da na riga na yi wa baƙin fenti, sai ga wani abu kamar ruwan gansakuka, ba haske ba alamarsa. Ashe irin wannan fentin mai ƙyalli rabuwa yake idan ya zauna, mai kaurin ya kwanta a gindi ruwan ya taso sama, to sai ka girgiza shi kamar kana da gaba da shi, ni har 'yar ƙwallon gilashi na jefa ciki don ta riƙa motsa na ƙasan. Na biyu kuma shara-shara ne, ba ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa, in ƙasan baƙi ne baƙin za ka gani. Fari yake so, fari ƙal, shafi biyu ko uku har sai ba duhu ko ɗigo.

Da na gane haka wallahi sai abin ya canza. Ka sa fari a cikin ramukan bindigar da idanu da ɗan tambarin ƙirji, ka bari ya bushe sarai, sannan ka ɗora shi sau ɗaya. Yana gangarawa lungu ya taru ya yi kore sosai, inda ya yi siriri kuma ya ba da ruwan ɗorawa mai tsanwa-tsanwa, wato da shafi ɗaya ka samu kala biyu. Sojoji ashirin na gama musu bindiga a zama guda. Ga mai son ya cika tebur da runduna ba tare da ya kwana kan soja ɗaya ba, a nan kam kwalbar ta biya kuɗinta.

Inda mutane ke ruɗewa, ni ma na ruɗe, shi ne wajen abin da ake kira OSL, wato ka zana yadda hasken bindigar ke faɗawa kan hannu da ƙirji da fuskar sojan. Na ɗauka in dai na watsa koren a ko'ina kusa da bindigar shikenan. Sai sojan ya fito kamar wanda ya faɗa bokitin fenti, ko'ina kore, ba inda za ka ce daga nan hasken ya taso. Abin da na koya daga baya, kuma ba kwalbar da za ta yi maka shi, duhun da ke kewaye ne ke sa ido ya yarda akwai haske. Tocila da rana tsaka ai ba a ganinta. Don haka na koma na dusashe jikin sojan gaba ɗaya, ƙarfen na sa masa baƙi mai ruwa-ruwa har sau biyu, bayansa da ƙarƙashin hammata na bar su wuluk, har na ɗan sa ja mai duhu a cikin inuwar saboda ja kishiyar kore ne, yana ƙara fito da shi.

Sai lissafin nisa. Haske in ka ninka nisansa sau biyu kashi ɗaya cikin huɗu ne ke saura, to a jikin soja ɗan mitsitsi da ke tsaye kan faifai mai milimita 32 wannan na nufin yatsun da ke riƙe da bindigar su sha kore sosai, gwiwar hannu kaɗan, kafaɗa kuma da ƙyar a gani. Kuma haske ba ya kwana, miƙe yake tafiya, duk gefen da bai kalli bindigar ba kar burushi ya taɓa shi. Dabarar da ta taimake ni, na kashe fitilar ɗaki na kunna tocilar waya na kanga ta daidai inda bindigar take, na ɗauki hoto da wata wayar, hoton nake bi. Tushen hasken kuma shi ne zai fi komai fari, har ɗigon farin fenti nake mayarwa a tsakiyarsa bayan koren ya bushe.

A wannan aikin na watsa haske gaskiya Tesseract Glow shi kaɗai bai ishe ni ba, don an yi shi ne ya gangara rami, a fili mai santsi kuma in ka cika burushi taruwa yake ya bar zobe in ya bushe. Sai na riƙa zana wuraren da tsinkakken fari tukuna, in goge burushin a tishu har ya kusa bushewa, in bi a hankali ina ja zuwa wajen tushen hasken. Wani lokacin kuma koren Vallejo mai ƙyalli nake haɗawa da shi, na kamfanin Sifen ɗin nan, shi kwalbarsa mai ɗigo ce, ya fi min sauƙin tsinkawa yadda nake so.

Wani abu da ya kamata mai saye ya sani, duk fenti mai ƙyalli hasken UV yake sha, wato wani haske da ke cikin hasken rana wanda ido ba ya gani, ya mayar da shi wanda ido ke gani, shi ya sa kusa da taga yake tashi fiye da ƙarƙashin ƙwan fitila mai ja-ja, in ka haska masa tocilar UV kuwa sai ka rantse wuta ce. Amma rana tana kashe irin wannan kalar a hankali, don haka nawa sojojin a akwati suke kwana, na daina jera su a bakin taga. Har yanzu kwalbar ko rabi ban ci ba, ga sauran sojoji goma na jirana da wani babban kwamanda mai sanda da nake ta ɗaga masa rana don tsoron ɓata shi.